Izinin Raba Kwangila a Dokar Sayayya ta Gwamnatin Amurka: Yaushe Ake Nemansa, Me Kuma Yake Karewa

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa gini ya san hanya biyu ce ake biyan magini. Ko dai a yi jinga, a yanke kuɗi tun farko, in siminti ya tashi matsalarsa ce, in ya sauka ribarsa ce. Ko kuma a ce ya sayo kaya, ya ɗauko leburori, ya kawo lissafi a biya shi, sannan a ɗora masa ladansa. A hanya ta farko babu ruwan mai gida da inda magini ya sayi bulo. A ta biyu kuwa dole ya sa ido, domin in magini ya ɗauko ƙanensa ya ba shi aikin rufi a kan ninkin farashi, aljihun mai gida ne zai ji a jikinsa.

A kan wannan bambanci gwamnatin tarayyar Amurka ta gina ƙa'idar da ke tilasta wa ɗan kwangila neman izinin jami'in kwangila na gwamnati a rubuce kafin ya yanka wani ɓangare na aikinsa ya ba wani kamfani. Ƙa'idar tana cikin kashi na 44 na kundin dokokin sayayyarta da ake kira FAR, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 1984, tana kuma shiga takardar kwangila ta wani sharaɗi mai lamba 52.244-2. Kamfanin da ke Kano ko Abuja ko Yamai, da yake sayar wa wani kamfanin Amurka mai ko ba shi hayar motoci ko masu gadi a ƙarƙashin kwangilar gwamnatin Amurka, ƙaramin ɗan kwangila ne a idon wannan doka. In aka gama ciniki da shi amma aka yi ta jan ƙafa wajen sa hannu, sau da yawa wannan izini ake jira.

Abu na farko da ke ɓatar da mutane shi ne ma'anar ƙaramar kwangila. Ba lallai sai an rubuta doguwar yarjejeniya ba. Takardar odar kaya ma ƙaramar kwangila ce, haka duk wani gyara ko ƙari da aka yi mata daga baya. Ma'aikacin sashen sayayya da yake ganin oda kawai ya rubuta, wataƙila ya riga ya karya sharaɗin bai sani ba.

To yaushe ne izinin ya wajaba? Ana duba abubuwa uku a jere: irin babbar kwangilar, matsayin tsarin sayayyar kamfanin, sannan irin ƙaramar kwangilar da girmanta.

In babbar kwangilar ta tsayayyen farashi ce, wato jinga, galibi ba a neman izini, tunda asara da riba duk a wuyan ɗan kwangila suke. Haka kwangilar kayan kasuwa da ayyukan kasuwa da aka bayar a ƙarƙashin kashi na 12 na FAR: ƙa'idar ba ta shafe su ba. Inda maganar take tasowa shi ne kwangilar da gwamnati ke mayar da kuɗin da aka kashe, da wadda ake biya bisa awoyin aiki da kayan da aka yi amfani da su, da wadda ake biya bisa awoyin aiki kaɗai, da kwangilar wasiƙa, wato wadda aka ce a fara aiki kafin a gama daidaita farashi. Ko a cikin kwangilar jinga ma, in aka ba da wani ƙarin aiki ba tare da an yanke kuɗinsa ba, kuma kwangilar ta wuce iyakar sayayya mai sauƙi, wato adadin kuɗin da ƙasa da shi gwamnati ke saye ta hanya mai sauƙi, ƙa'idar tana hawa kan wannan ƙarin. Abin da ya haɗa su duka guda ne: gwamnati ba ta san adadin da za ta biya a ƙarshe ba.

Sai batun tsarin sayayya. Kamfanin da gwamnati ta bincika yadda yake sayen kaya ta kuma amince da shi ya huta. Ba zai nemi izini ba sai a kan ƙananan kwangilolin da jami'in kwangila ya lissafa da kansa a sakin layi na (d) na sharaɗin, saboda girmansu ko sarƙaƙiyarsu ko muhimmancinsu, kamar injin jirgi ko manhajar da dukkan aikin ya rataya a kanta. Kamfanin da bai samu wannan amincewa ba kuwa, dole ya nemi izini a kan duk ƙaramar kwangilar da ba ta jinga ba, komai ƙanƙantarta. Wannan ya cancanci a maimaita shi, domin nan ake yawan zamewa: ɗaukar ƙwararre guda da za a biya shi bisa awa, ko da duka kuɗin bai wuce dala 20,000 ba, yana buƙatar izini. Ƙaramar kwangilar jinga ce kawai take da iyakar kuɗi.

Iyakar ta bambanta tsakanin hukumomi, kuma bambancin ya rataya a kan 'yan kalmomi. Ana auna farashin ƙaramar kwangilar da lambobi biyu: iyakar sayayya mai sauƙi, wadda ta tashi daga dala 250,000 zuwa 350,000 a ranar 1 ga Oktoban 2025, da kuma kashi 5 cikin 100 na kiyasin kuɗin babbar kwangilar. Ga Ma'aikatar Tsaro, da rundunar tsaron gaɓar teku, da hukumar sararin samaniya ta NASA, sai an wuce wadda ta fi girma a cikin biyun. Ga sauran hukumomin farar hula, da zarar an wuce ɗaya daga cikinsu izini ya wajaba, wato a aikace ƙaramar lambar ce ke aiki.

A ɗauki babbar kwangila ta dala miliyan 10. Kashi 5 nata dala 500,000 ne. Odar janaretoci ta dala 400,000 za ta wuce salin-alin in kwangilar ta rundunar soja ce, tunda ba ta kai 500,000 ba. In kuwa ta Ma'aikatar Harkokin Waje ce, sai an nemi izini, tunda ta haura 350,000. A mayar da babbar kwangilar dala miliyan 2: kashi 5 ya zama 100,000. A wurin soja iyaka ta tsaya a 350,000, a wurin farar hula ta faɗo 100,000. Kamfanin da ya saba aiki da soja ya samu kwangilar farar hula, ya ci gaba da lissafi irin na da, zai tara laifuffuka a fayil ba tare da kowa ya yi niyyar zamba ba.

Akwai wani wajibi da ake yawan rikita shi da izini, shi ne sanarwa kafin bayarwa. Wannan daga dokar majalisa ya fito, kuma ya shafi kwangilar mayar da kuɗi. Hukumomin farar hula suna buƙatar a sanar da su kafin a ba da ƙaramar kwangila mai tsayayyen lada a kan kuɗin da aka kashe, ko ta jinga da ta wuce waccan iyaka, ko da kuwa an amince da tsarin sayayyar kamfanin. Ɓangaren tsaro ya ɗauke wa masu amintaccen tsari wannan nauyi. Sanarwa ba ta buƙatar jiran amsa. Izini kuwa sai amsa ta zo a rubuce.

Kuma ba kowa ke da ikon ba da amsar ba. Jami'in kwangila ne kawai, mafi yawan lokaci wanda aka ɗora wa kula da gudanar da kwangilar bayan an sa hannu. Wakilinsa na fasaha, wanda shi ɗan kwangila ke gani kullum a wurin aiki, ba shi da wannan iko. Ya ce "ba matsala, ku ci gaba" a taro, ko ma ya rubuto ta imel, ba izini ba ne. Haka nan sanya sunan ƙaramin ɗan kwangila a takardar neman aiki, har a tattauna shi a lokacin ciniki, bai wadatar ba. Sai in jami'in ya gamsu ya rubuta sunan a sakin layi na (j) na sharaɗin. Mai hankali yana duba wannan gurbi tun kafin ya sa hannu, in ya gan shi fanko ya nemi a cike, domin wannan layi ɗaya kan ceci makonni a farkon aiki.

Takardun neman izinin sharaɗin ya zayyana su: bayanin kaya ko aikin, irin ƙaramar kwangilar, sunan wanda za a ba, farashin da aka tsayar, shaidar bayanan kuɗi da farashi in ana buƙatarta, takardar bin ƙa'idojin lissafin kuɗi in ta shafe shi, da kuma takardar bayanin ciniki. Shaidar bayanan kuɗi ta samo asali daga dokar faɗin gaskiya a ciniki ta 1962. Iyakarta ta kasance dala miliyan 2 daga 2018 kafin a sake ɗaga ta, kuma ba a neman ta in an samu gasar farashi ta gaske ko kayan na kasuwa ne.

Takardar bayanin ciniki ita ce zuciyar fayil, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dole ta nuna farashin da aka fara nema, wanda kamfanin ya yi niyyar biya, wanda aka tsaya a kai, da dalilin tazarar da ke tsakani. Rubuta cewa "farashin ya dace" ba bincike ba ne. Bincike shi ne a ce an aika wa kamfanoni biyar, uku sun amsa, ga farashin kowanne, an bar mafi araha saboda ba zai iya kawo kayan cikin kwanakin da aikin ke buƙata ba, an ɗauki na biyu, ga kuma abin da aka saya irin kayan a bara da yadda aka daidaita shi da hauhawar farashi. In mutum ɗaya aka tuntuɓa, sai a kawo hujja mai ƙarfi. Cewa "mun saba aiki da su" ko "lokaci ya ƙure" ba sa gamsar da jami'i, musamman in ƙurewar lokacin daga sakacin kamfanin ta samo asali.

Jami'in yana da tambayoyi goma sha uku da FAR ta daɗe tana jera masa. Wasu na cike gurbi ne, wasu kuwa su ke yanke hukunci. Shin an samu gasa, ko an bayyana dalilin rashinta? Shin kamfanin ya tabbatar wanda zai ba aikin yana da kuɗi da kayan aiki da tarihin cika alkawari? Shin irin kwangilar ya dace da hatsarin aikin, ko an ba da biyan awa a kan aikin da za a iya yi wa jinga? Shin sharuɗɗan fasaha na babbar kwangila sun sauka cikin ƙaramar yadda suke? Shin kayan da za a saya gwamnati ba ta da su a ajiye? Shin an cika alkawarin ba ƙananan kamfanoni kasonsu? Sannan shin sunan wanda za a ba aikin yana cikin jerin waɗanda aka haramta wa kwangila a rumbun bayanai na SAM? Wannan na ƙarshe ba ya cin minti goma, amma ana so a ga shafin da aka buga ɗauke da kwanan watan da ya gabaci ranar bayarwa. Wanda aka buga bayan an ba da aiki ba ya tabbatar da komai.

An kuma umarci jami'in ya ƙara zura ido in akwai alaƙar mallaka ko kusanci tsakanin kamfanonin biyu. A nan ne labarin magini da ƙanensa yake dawowa. Doka ba ta hana kamfani ba wa reshensa aiki ba, amma farashin da ba a gwada shi a kasuwa ba sai an tsefe shi.

Akwai abubuwa biyar da jami'i ba zai amince da su ba ko da fayil ya yi kyau. Mafi tsufa a ciki shi ne biyan lada a matsayin kaso na kuɗin da aka kashe, tsarin da ya ɓata suna tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. In ladan kashi 10 ne na abin da aka kashe, aikin dala miliyan 1 yana kawo 100,000. In aka yi almubazzaranci ya kai miliyan 1 da rabi, lada ya zama 150,000. Wato ana saka wa ɓarna da alheri. In kuwa an yanke ladan 100,000 tun farko, ko kuɗi ya kumbura ladan bai motsa ba. Ba kasafai ake rubuta wannan haramtaccen tsari da sunansa ba. Yakan ɓuya a layi ɗaya na takardar farashi, inda aka ce duk kayan da aka sayo za a ɗora musu kashi 10 na ɗawainiya. 'Yan kasuwarmu sun saba da irin wannan ƙari, ba sa ganinsa a matsayin laifi, amma yana iya sa a dawo da fayil gaba ɗaya.

Sauran huɗun su ne: lada da ya wuce iyakar doka, wato kashi 15 na kiyasin kuɗi a aikin bincike da gwaji, kashi 10 a mafi yawan sauran, sharaɗin da zai tilasta wa jami'in gwamnati mu'amala kai tsaye da ƙaramin ɗan kwangila, sharaɗin da zai ɗaure gwamnati da sakamakon sulhu ko shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin biyu, da kuma maimaita kwangilar biyan awa ko ta mayar da kuɗi shekara da shekaru a kan aikin da tuni ya kamata a san farashinsa.

Biyu na tsakiya suna kare wata katanga da gwamnati ba ta wasa da ita: babu yarjejeniya tsakaninta da ƙaramin ɗan kwangila. Ba da izini bai ƙulla wannan alaƙa ba. In babban ɗan kwangila ya ƙi biya, ƙaramin ba zai kai ƙarar gwamnati a ƙarƙashin dokar rikicin kwangila ta 1978 ba. In laifin daga gwamnati yake, hanyarsa ita ce babban ya ɗauki ƙorafin ya shigar da sunansa, kuma FAR ta ce kada jami'i ya hana izini don kawai an rubuta wannan dama a yarjejeniya. Ko ita ma tana da tarko. Tun shari'ar Severin ta 1943, in babban ɗan kwangila ya riga ya wanke kansa daga duk wani alhaki ga ƙaramin, ba zai iya karɓo masa diyya daga gwamnati ba.

Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne ƙarancin abin da izinin ke tabbatarwa. Sai dai in takardar ta faɗi akasin haka, izini ba ya nufin gwamnati ta yarda da sharuɗɗan ƙaramar kwangilar, ba ya nufin ta yarda da farashin, ba ya nufin za ta mayar da kuɗin, ba ya kuma sauke wa babban ɗan kwangila alhakin aikin. Bayan shekara biyu ko uku masu binciken kuɗi na iya zuwa su ce wannan farashi bai dace ba, kuma ƙa'idar lissafi ta kashi na 31 na FAR ta ɗora wa ɗan kwangila nauyin tabbatar da dacewarsa da zarar an ƙalubalance shi. Ana iya cewa wannan rashin adalci ne: an sa mutum ya jira, an duba takardunsa, an ce ya ci gaba, sannan a ce ba a yi masa alkawarin komai ba. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai jami'in abin da aka nuna masa kawai ya gani, cikin ɗan lokaci, kuma da sa hannunsa zai zama lamuni, da babu jami'in da zai sa hannu sai ya yi watanni yana tono.

Shi ya sa manyan kamfanoni suke zuba ƙarfinsu a kan samun amincewar tsarin sayayya. FAR ta daɗe tana cewa in cinikin kamfani da gwamnati zai wuce dala miliyan 25 cikin watanni 12 masu zuwa, ban da jingar da aka ci ta gasa da kayan kasuwa, jami'i zai duba ko akwai buƙatar binciken tsarin. Ma'aikatar Tsaro ta ɗaga nata zuwa miliyan 50. A ɓangaren tsaro hukumar kula da gudanar da kwangilolin tsaro, DCMA, ce ke wannan aiki. Masu binciken sukan ɗebi fayilolin sayayya na shekara guda su gwada su da littafin ƙa'idojin kamfanin da kuma ma'aunai 24 da ke cikin dokar sayayya ta tsaro. In aka samu babbar ɓaraka ana iya janye amincewa, a kuma riƙe kashi 5 na kuɗin da ake biyan kamfanin, har zuwa kashi 10 in matsalar ta shafi tsari fiye da ɗaya. Janyewar tana nufin komawa neman izini ɗaya bayan ɗaya. Matsakaitan kamfanoni su ne ke shan wahala, domin ba su kai girman da za a zo a bincike su ba, saboda haka da wuya su samu amincewar, sai su dawwama a layin jira.

Daga cikin abubuwan da binciken ke bankaɗowa akwai daddatsa oda: bukata ɗaya ta dala 600,000 a raba ta gida biyu ga kamfani ɗaya cikin mako guda don kowacce ta faɗo ƙasa da iyaka. Akwai odar da ta fara a 300,000, aka yi mata ƙarin 80,000, babu wanda ya lura ta tsallake 350,000. Akwai kuma fara aiki kafin izini, da fatan za a gyara takardu daga baya. Jami'i na iya amincewa bayan an riga an yi, amma ba dole ba ne, kuma kuɗin da aka kashe a tsakani suna rataye. FAR ta ce ya duba buƙatar da hanzari, ba ta yanka masa kwanaki ba, saboda haka lokacin jira sai a sa shi cikin jadawalin aiki tun farko.

Kada a haɗa wannan ƙa'ida da wasu makwabtanta. Iyakar yawan aikin da ƙaramin kamfani zai iya miƙa wa wasu a kwangilar da aka keɓe wa ƙananan kamfanoni, misali kashi 50 a ayyukan hidima, sharaɗi ne dabam. Haka sharaɗin da ke tambayar amfanin da babban ɗan kwangila ke ƙarawa in zai raba fiye da kashi 70 na aikin. Wannan shi ne ya fi kusa da abin da a Najeriya ake kira sayar da kwangila, inda wanda ya ci aiki yake cire kasonsa ya miƙa wa wani. Kwangilar zanen gini ma tana da nata sharaɗi, 52.244-4, wanda ya hana sauya ƙwararrun da aka amince da su ba tare da izini a rubuce ba. Tallafin da ake ba ƙungiyoyi kuwa ba ya ƙarƙashin FAR sam.

Tun Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta fara yi wa kundin FAR garambawul, ana taƙaita sassa ana sauya tsarinsu. Abin da ke ɗaure kamfani shi ne sharaɗin da ke cikin takardar kwangilarsa, da kwanan watan da ke jikinsa. Ƙaramin ɗan kwangila ba ya ganin babbar takardar, amma yana da damar yin tambayoyi uku kafin ya sayi kaya ko ya ɗauki ma'aikata: wace irin kwangila ce babbar, shin aikinsa yana buƙatar izinin jami'in kwangila, in kuma yana buƙata, a nuna masa kwafin takardar izinin mai ɗauke da kwanan wata. In aka ce ya fara kafin ta fito, ya nemi a rubuta masa adadin kuɗin da babban kamfanin ya ɗauki alhakin biya daga aljihunsa ko da gwamnati ta ƙi.